Daminar da Aka Riƙa Cire Mana Dashe a Kamaru

Ranar Asabar wasu ɗalibai suka zo wurina a bakin kogi, a Jimeta, maza biyu mata biyu, kowa da farar riga mai hoton ganye a ƙirji. Suka ce za a kai su wata ƙasa aikin sa-kai na dashen itatuwa, kuma an gaya musu akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa. Na ce ni ne. Sunana Sale, amma a nan Sale Mai Leda ake ce mini, domin sana'ata rainon bishiya ce a cikin baƙar leda, tun tana ƙwaya har ta isa dashe. Ban yi boko ba. Allo ma ban yi nisa ba.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, mu dai hoto muke so da kai, sai ɗan bayani. Aikin ai ba wuya, rami ne a tona, a saka, a zuba ruwa."

Na ce, "Haka ne. Ku ajiye wayoyin, ku zauna a kan buhunan takin can."

Ga abin da na gaya musu. Duk yaron da ke da irin tunaninsu zai iya ɗauka.

Aikina na farko a wurin maigidana Baba Njidda tankaɗe ne. Na zo Jimeta daga ƙauyenmu na arewa, wajen duwatsu, ko gemu ban fara ba, aka haɗa ni da shi. Bafulatanin Yola ne, gajere, ba ya dariya kafin azahar. Ya miƙo mini rariyar waya da shebur, ya nuna mini tuddai uku: yashin kogi, baƙar ƙasa, da kashin shanu da ya shekara ya ruɓe. Ya ce in tankaɗe in haɗa. Damina guda hannuna bai taɓa iri ba. Idan na haɗa sai ya zo ya damƙi ƙasar ya buɗe hannu. In ta dunƙule kamar tuwo, yashi ya yi kaɗan, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. In ta zube ta tsakanin yatsu, yashi ya yi yawa. Wadda yake so ita ce mai tsayawa a tafin hannu, ka taɓa ta da yatsa ta watse. Ba ya bayani. Zai zubar ya wuce, kai kuma ka sake.

Bayan tankaɗe sai ruwa. Garwa biyu a sanda, daga Binuwai zuwa lambu, da sassafe da kuma yamma. Lokacin ba mu da inji. Da rani kogin yana ja da baya, sai ka yi tafiya a cikin yashi mai zafi kafin ka ga ruwan, ka dawo rabin garwar ya zube a ƙafarka.

Sai ɗaga leda, aikin da kowane mai koyo ya tsana. Tsiro ba ya zama lafiya a leda. Saiwarsa tana huda gindin ledar ta shige ƙasa. In ka bar shi ya kama, ranar da mai saye ya zo ka fizga, uwar saiwar ta tsinke, ka sayar masa da gawa mai ɗanyen ganye. Don haka lokaci-lokaci sai an bi layi, a ɗaga kowace leda, a datse saiwar da ta leƙo da reza, a matsar da ledar gefe. A sunkuye ake yi, layi bayan layi. Bayana da ya lanƙwashe ba tsufa ba ne, ɗaga leda ne.

Sai da Baba Njidda ya gaji da zubar mini da ƙasa sannan ya ba ni wuƙar aure. Aure shi ne ka yanko reshen mangwaro mai daɗi ka haɗa shi da gindin mangwaron gida mai ƙarfi, ka ɗaure da tsinken leda har su zama ɗaya. Wuƙar ba a yanka komai da ita sai wannan. Ya taɓa kama ni ina fere rake da ita, ya karɓe, sai da wata damina ta zagayo ya mayar mini. A wurinsa kuma na koyi cewa irin gawo da na bagaruwa ba a ɗibarsu a gindin bishiya. Garken awaki ake zuwa a tsince su a cikin kashi, domin wanda ya bi ta cikin akuya ya yi laushi, shi ke fitowa da wuri.

Masu saye iri-iri ne. Manomin Namtari zai zo a kan babur, ya duba kaurin gindi ba yawan ganye ba, ya ɗaure kayansa ya tafi, ba ka sake ganinsa sai ya zo ƙari. Masu sababbin gidaje a unguwar Karewa dogo suke so, wanda ya fi kowanne tsawo a layi, alhali shi ne ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe. Ka gaya musu, su ce kana ɓoye mai kyau ne. Akwai kuma wani direban tifa mai kawo mini yashi, ya taɓa dawo mini da dashen mangwaro a bushe.

"Sale, ka ba ni mara lafiya."

Na duba gindin. Ledar tana nan yadda na ba shi.

"Ba ka cire masa riga ba ka binne shi."

"Ai a ciki na ga ya girma."

"Kai ma a zanin goyo ka girma. Da shi ka zo?"

Ya zage ni, ya ɗauki wani, ya tafi. Yau yana shan inuwarsa.

Da Baba Njidda ya sallame ni na koma gida na kafa nawa lambun a bakin rafi. Ya karɓe ni. Ina da uwayen mangwaro da nake yankar reshen aure a jikinsu, da hannuna na dasa su a ƙasar ubana. Sai shekarar da mutanen daji masu bindiga suka shigo. Ina cikin ban ruwa da safe aka fara harbi daga wajen kasuwa. Na ajiye garwa a tsakiyar layi da niyyar in dawo in ƙarasa. Ban dawo ba. Muka bi duwatsu a ƙafa, muka faɗa Kamaru, muka zagayo Yola a bayan motar shanu. Ƙanena bai iso ba. Wuƙar aure tana aljihuna, ita kaɗai na fito da ita. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Na tarar Baba Njidda ya rasu. Ban iya tsayuwa a layin abincin 'yan gudun hijira ba. Wani Modibbo, babban malami a Yola Gari, abokin maigidana, ya ara mini wannan fili na bakin kogi. Na sake farawa da ledar fiya-wata da nake tsinta a tasha, da ƙwallon mangwaro daga bolar kasuwa.

Ina cikin haka Malama Rifkatu ta zo. 'Yar kudancin Adamawa ce, tana koyar da aikin gona a wata sakandare a Jimeta, tana sayen dashe a wurina don makarantarsu. Ta iya Fulatanci kamar a Yola Gari aka haife ta, ta kuma taɓa Faransanci.

"Baba Sale, za ka je Kamaru?"

"Na taɓa zuwa. A ƙafa. Ban ji daɗi ba."

"Wannan karon a mota."

Ta ce akwai wani sansanin 'yan gudun hijira a can arewa, mutanenmu ne na Barno da Adamawa, sun sare dajin da ke kewaye da su don girki, rigima na neman tashi da 'yan gari. Wata ƙungiya tana haɗa 'yan sa-kai su je su yi dashe. Suna da masu magana da yawa, ba su da mai raino.

"Me ake biya?"

"Ba a biya. Abinci da tabarma."

"Me ya hana ku nemi mai hankali?"

"Mun nema, sun ƙi."

Mutanen da ke sansanin nan hanyar da na bi suka bi. Na bar wa matata lambu, na sa wuƙa a aljihu, muka tafi da rani.

Daga birnin Garwa na Kamaru muka ƙara gaba sosai. Abin da na fara gani kafin tantuna shi ne kututture. Iya ganinka babu itace tsaye, wasu har saiwar an tone. Ana raba wa mutane hatsi, amma ba a raba wuta. Mata sai sun ratsa ƙauyen da ke kusa, sun hau hanyar dutse, kafin su samo abin hura murhu. A wannan hanya ake faɗa. An taɓa ƙwace wa wata gatari, an taɓa fasa wa wani yaron gari kai.

Muka je gaida mai garin, Jauro suke ce masa kamar nan. Ya fito da mu bakin gari, ya ɗaga sandarsa ya nuna filin da ke tsakanin ƙauye da sansani.

"Mun karɓe su don Allah, ba mu yi nadama ba. Amma sun cinye dajin. Ku gyara can. In damina ta wuce ban ga itace tsaye a wurin ba, zan rufe hanyar dutse. Ba macen sansani da za ta sake wucewa."

Rufe hanyar yana nufin hatsi a buhu, tukunya a kife. Kowa ya gane.

Lambun raino na kafa shi a inda ruwan famfon sansani ke malala, don kada a ce mun ci ruwan shan mutane. Baƙar leda ba ta ishe mu ba. Wata Babarbariya, Ya Falmata, babbar mace mai murya, ita ce shugabar matan sansani, ta sa aka tara mini gwangwanin tumatir da ledar ruwa har suka yi tudu. Na koya musu tankaɗe da damƙar ƙasa. Na tura su garken awakin ƙauye tsintar irin gawo, suka dawo suna zagina da Barbarci. Gara ta taso mana, muka tare ta da toka. Dogon yaro na fi yawaitawa, domin shi ke saurin tashi kuma akuya ba ta cika damunsa ba. Sai gawo, tsamiya, da mangwaro kaɗan da na yi wa aure da reshen da na samo a wani lambu a Garwa. Malama Rifkatu kuma ta kawo abin da ban sani ba. Ta sa a riƙa tona rami a cikin wani kwarmi mai siffar rabin wata, bakinsa yana duban tudu, don ya tare ruwan sama. Na ce ɓata ƙarfi ne. Ruwan farko ya sauka na ga kowane kwarmi cike, na daina magana.

Da ƙasa ta jiƙu sosai muka fita dashe. Da safe muke yi, in rana ta take tsaka mu koma sansani. Kashegari muka dawo don mu ci gaba, muka tarar da ramukan jiya wayam.

Wasu suka ce akuya. Akuya kai take ci ta bar gindi. Gara gindi take ci ta bar kai. Wannan babu kai babu gindi. Muka sake dasawa, aka sake cirewa. Samarin sansani suka ce 'yan gari ne, so suke damina ta wuce Jauro ya rufe hanya. Suka fara yankan gora. Ni abin da nake dubawa sama ce. Dashen da bai samu tsakiyar damina ba saiwarsa ba ta nitsewa, rani na zuwa zai tafi. Lokaci yana ƙurewa, kuma abin da ke lambu yana raguwa.

Malama Rifkatu ce ta gano inda aka kai dashen. Ta bi wani kwari ta ɓangaren ƙauye, ta dawo ta kira ni. A ƙarƙashin wata aduwa da ta tsira, ga dashenmu a jere. Kowanne da dunƙulen ƙasarsa bai fashe ba, an lulluɓe gindinsu da ɗanyar ciyawa, an ma yayyafa musu ruwa.

Na ce, "Malama, wanda ya yi wannan manomi ne. Kuma ba bishiyar yake ƙi ba."

"To me yake ƙi?"

"Gobe in mun gama kada mu tafi."

Haka muka yi. Muka sallami mutane, mu biyu muka zauna a kan kututture. Bayan azahar sai ga wani tsoho dogo, da jaki da kwanduna da fartanya. Bai ɓuya ba. Ya gan mu, ya yi sallama, ya sunkuya a ramin farko ya fara tona a hankali yana zagaya tsiron. Sunansa Hammadu. Muka gaisa da Fulatanci, hannunsa bai tsaya ba.

Na ce, "Bappa, mu muka dasa."

"Na sani. Ni nake cirewa. Suna can gindin aduwa, ban kashe ko ɗaya ba. Ku kwashe abinku."

Malama ta ce, "Bappa, Jauro ne ya nuna mana wurin nan."

"Da sanda ya nuna muku. Sandar tasa ce. Gonar ba tasa ba ce."

"Gona?"

Ya miƙe ya nuna kututturen da nake zaune a kai. "Wannan tsamiya ce, iyakata da maƙwabcina. Wancan ma iyaka ce. Gonar hutawa take yi, na bar ta ta yi ƙarfi. Da aka sare itatuwan ban yi magana ba, mai yunwa ne ya sare. Itace ya tafi, ƙasa tana nan. Dasawa kuma wani abu ne dabam. Kakana ya ara wa wani baƙo fili, baƙon ya dasa mangwaro. Da rigima ta kai gaban Lamiɗo tambaya ɗaya aka yi, wa ya dasa? Yau jikokin baƙon ke noma wurin."

Sai ya dube ni. "Kai daga ina?"

Na gaya masa.

"A garinku baƙo yana dasa bishiya a gonar aro?"

"Ba ya dasawa."

"To." Ya koma tononsa.

Wannan doka ba a rubuta ta ba, amma duk ɗan ƙauye ya san ta, daga nan har can. Ka ari gona ka shuka dawa, ka shuka gyaɗa, ka girbe ka tafi. Bishiya kuwa shaida ce, wanda ya sa ta a rami yana cewa nan nawa ne. Abin da ya ruɗe mu shi ne alamomin iyaka duk sun shiga murhu, wurin ya koma kamar dajin da ba na kowa ba. Mun duba ƙasar, mun duba gangarenta, mun duba inda ruwa ke bi. Ba wanda ya tambayi mai ita.

Aka zauna a rumfar Jauro. Ga masu gonaki, ga mu, ga Ya Falmata da wasu mata a gefe. Jauro ya ce shi maganarsa tana nan, itace yake so ya gani, bai ce a ci gonar kowa ba. Malama Rifkatu ta ce za a rubuta takarda, a sa hannu, cewa ƙasa ta masu ita ce.

Bappa Hammadu ya ce, "'Yata, takardar nan gara za ta cinye ta kafin in mutu. Bishiyar kuma za ta ga jikokin jikokina. Wa za a tambaya a cikinsu?"

Sai Ya Falmata ta gyara zama. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, suna faɗa wa juna abin da wani ba zai iya faɗa ba, kuma ita ba ta taɓa barin wannan dama ta wuce.

"Kai Fulata, ka taɓa ganin hannuna ya sa bishiya a ramin nan? Tambayi Sale."

Na tuna. Ita da manyan matan suna tona rami, suna ɗauko ruwa, suna jawo ƙaya. Amma in an zo sakawa sai su miƙa wa 'yan sa-kai ko samari su ja da baya. Na ɗauka ciwon baya ne.

Na ce, "Ba ta taɓa ba."

Ta ce, "Ina da tsamiya a ƙofar gidana a Barno, kakan mijina ya dasa. Ranar da na dasa wata a nan, na ce ba zan koma ba ke nan. Ƙasar taka duk dutse ce, wa ke so? Itacen girki nake nema, ba gado ba."

"Dutsen nan ne ya ɓoye ku da kuka zo da gudu."

"Shi ya sa muke gaishe shi kullum. Kai ne ba mu gaisarwa."

Aka yi dariya, har Jauro. Da ta lafa na ce wa Jauro, "Ranka ya daɗe, ga rami ga dashe. Hannu kawai ake rigima a kansa. Bappa ya sa da nasa."

Ba nan take aka yarda ba, sai da aka ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa mutanen sansani su tona, su ɗauko, su kewaye da ƙaya, su yi ban ruwa da rani. Mai gona shi zai sa tsiro a rami, ya mayar da ƙasa, ya taka da ƙafarsa, a gaban Jauro da maƙwabta. Bishiya tasa, 'ya'yanta nasa. Sassabe da busasshen reshe na masu ban ruwa ne muddin suna nan.

Bappa Hammadu ya ƙara nasa sharaɗin. "Ban da dogon yaro a gonata. Ba abin da ke yi a ƙarƙashinsa. Gawo nake so, da damina yana zubar da ganye ya bar wa dawa rana. Tsamiya ta koma inda aka sare ta. Mangwaron nan mai aure a sa mini a bakin kwari."

Ya Falmata ta ce, "Ka ji mutumin da ba ya son bishiya."

Gaskiyarsa ce a kan dogon yaro, kuma shi ne rabin abin da na raina. Jauro ya ce a jera shi a gefen hanyar dutse da bakin kasuwa, wannan wurin nasa ne, shi zai saka da hannunsa.

Dashen da ya biyo baya shi ne mafi jinkiri da na taɓa yi. Filin da muka ɗauka ba na kowa ba ne ya tashi da masu shi da yawa, kowa da iyakarsa a ka, wasu sai an aika an kira su daga rugga. Bappa Hammadu gwiwarsa ba ta da kyau. Kowane rami sai ya dafa fartanya ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya karɓi tsiro daga hannuna, ni na yage ledar, shi ya saka. Samarin da suka yanki gora suna tsaye da shebur suna jiran tsoho ya tashi. Wani ya ce a bari ya taimaka masa, na ce ka taɓa tsiron nan in karya maka hannu. Ya Falmata tana biye da tulu.

"Fulata, yi sauri, damina ba saniyarka ba ce da za ta jira ka."

"Ke zuba ruwanki. Baiwa ba ta koya wa ubangijinta aiki."

"Ubangijin da ke durƙushe a gabana tun safe?"

Daga baya ya kira 'ya'yansa maza, tunda hannunsu hannunsa ne, aiki ya ɗan yi gudu. Duk da haka na ƙarshe da ruwan ƙarshe suka shiga ƙasa, kuma na san da yawa a cikinsu ba za su ga wata damina ba. Ba su gani ba. Na farko da na tsakiya su suka tsaya.

Da aka fara yankan dawa Jauro ya fito da sandarsa, ya ratsa filin a ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, muna biye. Ya tsaya a kan wani gawo da bai wuce gwiwa ba, a cikin kejin ƙaya. Ya daɗe yana dubansa.

"Gajere ne," in ji shi. "Amma a tsaye yake."

Ya juya ya koma gida. Kashegari da safe mata suka ɗauki igiyoyinsu suka ratsa ƙauye suka hau hanyar dutse, ba wanda ya tare su. Na zauna har na ga ban ruwan rani ya kama hanya, sannan na dawo Jimeta.

Bara wani direba mai zuwa Garwa ya sauke mini kwali a nan. Mangwaro ne, daga ɗan Bappa Hammadu. Tsohon ya rasu. Ya Falmata an ce ta koma Barno. Ban sani ba ko ta tarar da tsamiyarta.

Nan na tsaya. Sai yarinyar nan ta farko ta ɗago waya.

"Baba, to wacce ce ka dasa a nan? Mu tsaya a ƙarƙashinta mu yi hoton."

Na ce, "Duba."

Ta duba gabas ta duba yamma. Layukan leda har bakin ruwa, mangwaro, gwaiba, kashu, zogale, turare. Inuwar da muke zaune a ciki rumfar zana ce.

"Babu ko ɗaya a ƙasa?"

"Filin Modibbo ne. Nawa suna gida. An ce biyu daga cikin uwayen mangwaron suna nan, suna 'ya'ya."

Na ce musu in sun isa inda za su, kafin su tambayi ruwa ko iri, su tambayi mai ƙasa, su nemo shi ko yana ina, su sa tsiron a hannunsa. Sannan na ba kowannensu reza na kai su layin gwaiba, domin lokacin ɗagawa ya yi. Suka sunkuya da fararen rigunansu. Ba a jima ba yarinyar ta ja wata leda ta ƙi tasowa.

"Baba, wannan ya kama ƙasa."

Na ce, "Datse shi, ki matsar."